Jirgin da ka saka a simuleta ya ƙi zama daidai a sama? Ga yadda ake bin sawun matsalar

Ka ƙona data ka sauke sabon jirgi, ka zuba shi a Microsoft Flight Simulator (MSFS) ko X-Plane, wato simuletocin tuƙa jirgin sama a kwamfuta, ka hau titi ka ba shi totur, yana barin ƙasa sai hanci ya fara sama da ƙasa kamar kwale-kwale a kan igiyar ruwa, ko ya dinga rinjaya hagu kana ja yana ja, ko kuma kana kunna otofailot ya kama lilo har ya kife. Abin da yawancinmu ke yi a nan shi ne mu ce ai wanda ya haɗa jirgin ne bai iya ba, ko mu buɗe fayil ɗin jirgin mu hau canza lambobi. Ni ma na taɓa yi, kwana uku cur ina taɓa lambobin wani jirgi na kyauta da ke karkata dama, ashe wani tsohon fad na buga ƙwallo ne a jone a bayan kwamfutar, sandarsa ta saki ta ɗan kwanta gefe, simuleta kuma tana karɓar umarni daga gare shi. Na bar jaki ina dukan taiki. Tun daga ranar na daina fara bincike daga jirgin, daga hannuna nake farawa in bi a hankali har in iso fayil, kuma gaskiya sau da yawa ba na ma isowa can matsalar ta fito.

Sharaɗi ɗaya ne kafin mu fara, dan Allah abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba. In ka canza abu biyar jirgin ya gyaru ba ka san wanne ne ya gyara shi ba, gobe in ya dawo ka koma farko.

Mataki na 1: ka kafa gwaji guda da ba ya canzawa

Ka zaɓi fili ɗaya mai dogon titi, ni na Kano nake ɗauka, wanda lambarsa a simuleta DNKN ce, titi na 06, amma ko wanne ka saba da shi ya yi. Ka kashe yanayi na kai tsaye ka sa Clear Skies, babu iska babu gajimare, da rana. Wannan yana da muhimmanci sosai don iska mai bugowa daga gefe da gargadar iska suna sa lafiyayyen jirgi ma ya yi kamar mai ciwo. Sai ka fara da jirgin da ya zo da simuleta ɗin, Cessna 172 misali, tunda MSFS da X-Plane duk suna da ita. Ka ɗaga hanci in gudu ya kai wajen nots 55, nots shi ne ma'aunin gudun jirgi, ka hau da nots 74 ko kusa da haka, ka daidaita a ƙafa 4,000, ka yi tirim, wato saitin da ke riƙe hanci a inda kake so ba sai kana jan sanda ba, har jirgin ya zauna, sannan ka saki joyistik gaba ɗaya na sakan talatin ka zuba ido. Bayan nan ka maimaita daidai wannan da jirgin da ke ba ka matsala.

In duka biyun sun yi rashin ji, to matsalar ba ta jirgin da ka saka ba ce, tana joyistik ko saiti ko ƙarfin kwamfuta, matakai na 2 da 3 da 5 ne naka. In Cessna ta zauna lafiya shi kaɗai ne ke rawa, to ka fi mai da hankali kan 3 da 4 da 6. Kuma ka lura da irin rawar, domin kowacce da inda take nuni. Rawa mai sauri kamar karkarwa yawanci joyistik ce ko ƙarancin FPS, wato yawan hotunan da kwamfuta ke zanawa a sakan. Hawa da sauka a hankali, wanda zagaye ɗaya kan ɗau rabin minti ko fiye, sau da yawa tirim ne bai zauna ba. Hanci mai saurin tashi da ɗan taɓi kaɗan, nauyi ne ya koma baya. Rawar da ke tsayawa da zarar ka saki sanda kuwa hannunka ne ke haifar da ita, kana gyara a makare kana wuce gona da iri, matuƙan gaske ma suna faɗa mata, sunanta PIO a wurinsu.

Mataki na 2: joyistik, inda rabin matsalolin suke

A nan zan daɗe don nan ne aka fi samun ɓarawon. Ka rufe simuleta, ka danna Windows da R, ka rubuta joy.cpl, zai nuna maka duk na'urorin wasa da kwamfutar ke gani. Abu na farko, ka ƙirga su. In ka ga abin da ba ka yi zato ba, fad ko sitiyarin wasan mota ko wani abu, ka cire shi. Sai ka shiga Properties na joyistik ɗinka ka cire hannu ka kalli ɗan gicciyen nan na tsakiya. Ya kamata ya tsaya cak. In yana rawa shi kaɗai ko ya zauna a gefe, ka samo abin. Joyistik masu sauƙin kuɗi da yawa da fotenshiyomita suke aiki, wani ɗan ƙarfe ne ke goga a kan layi, in ya tsufa ko ƙura ta shiga sai ya dinga aika lambobin ƙarya, kuma murɗin sanda da ake juya rada da shi, wato ƙyallen nan da ke tsaye a wutsiya, shi ya fi saurin lalacewa. Waɗanda ke aiki da maganaɗisu irin Thrustmaster T.16000M a hanyoyinta biyu na gaba-baya da hagu-dama ba su da wannan gogayyar. In ka ga rawa, ka canza ramin USB tukun, ka jona kai tsaye a jikin kwamfuta ba ta hob ba, sannan a Device Manager ka cire alamar da ke ba Windows izinin kashe ramin don tanadin wuta.

Yanzu ka buɗe simuleta ka shiga Controls Options. MSFS tana da ɗabi'ar ba kowace na'ura da ta gani aiki da kanta, sai ka tarar rada tana kan murɗin joyistik kuma tana kan fedal, ko elebeta, wadda ke ɗaga hanci da sauke shi, tana kan sanda kuma tana kan wani liba na totur. Na'ura biyu suna jan abu ɗaya, jirgi ya rasa wa zai bi. Ka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, a akwatin bincike ka rubuta aileron, wato abin da ke karkata jirgi hagu da dama, sannan elevator, sannan rudder, sannan trim, ka tabbatar kowanne wuri ɗaya tak yake. Ka kuma duba sunan abin da ka ɗaura, dole ya kasance mai kalmar Axis, wato Ailerons Axis da Elevator Axis da Rudder Axis. In ka ɗaura sanda a kan umarnin maɓalli irin na karkata hagu ko dama, jirgin ba zai bi hannunka daidai gwargwado ba, zai dinga ƙara karkata ne muddin kana riƙe, kuma in ka saki ba lallai ya koma tsakiya ba.

Tirim kuma ka yi hattara da shi. In ka ɗaura shi a kan liba ko wili mai matsayi tsayayye, to duk lokacin da otofailot ya motsa tirim don ya riƙe tsayi, libar nan in ta ɗan girgiza sai ta fizgo shi ya koma inda take, jirgi ya yi tsalle, otofailot ya sake gyarawa, haka za su yi ta kokawa. Ni shawarata ka mai da tirim kan maɓallai biyu a jikin sanda, ko ka yi amfani da kibod, a MSFS 2020 lamba 7 da 1 na gefen dama, a X-Plane kuma maɓallan [ da ].

Sai Sensitivity. Sandar tebur gajera ce, tafiyarta ba ta wuce 'yan santimita ba, ita kuwa ta jirgin gaske doguwa ce kuma iska na ƙara mata nauyi yayin da gudu ke ƙaruwa, naka sifirin ne kawai ba ya jin komai. Shi ya sa ɗan taɓi ke zama babban motsi. A ƙananan jirage ni nakan rage Sensitivity na elebeta da rada zuwa wajen -30, in sa Dead Zone, wato ɗan filin tsakiyar sanda da simuleta ba ta kula motsinsa, kashi 3 zuwa 5, daidai abin da zai haɗiye rawar da na gani a joy.cpl ba ƙari. Kar ka cika Dead Zone, in ya yi yawa sai ka tura babu amsa ka ƙara turawa ya zo maka gaba ɗaya, ka koma cikin lilon da kake gudu. A X-Plane ka shiga Settings, Joystick, ka danna Calibrate ka juya kowace hanya har ƙarshenta, sannan a Control Sensitivity akwai layin Control Response da na Stability Augmentation, na biyun nan simuleta ce ke sa maka hannu a ɓoye, manyan jiragen da aka saka da yawa sun fi son a mai da shi sifili. Jiragen Airbus kuma da kwamfuta ke tsakanin sanda da fiffike, ka karanta abin da masu jirgin suka ce a sa, kar ka kwafo saitin Cessna ka liƙa musu.

Mataki na 3: taimakon da simuleta ke yi maka ba ka sani ba

A MSFS 2020 ka shiga General Options, Flight Model, ka tabbatar yana kan Modern. Legacy an bar shi ne saboda tsofaffin jiragen zamanin FSX, tsohuwar simuletar Microsoft ta 2006, in ka tuƙa sabon jirgi da shi za ka ga abin mamaki, wani ma ba zai tashi daidai ba. Mutane kan koma Legacy don gwada wani tsohon jirgi su manta ba su dawo ba. Daga nan Assistance Options, ɓangaren Piloting, ka kashe Auto-Rudder da Assisted Yoke da AI Auto-Trim da AI Anti-Stall Protection da taimakon tashi da na sauka. Jirage irin A32NX na FlyByWire da Fenix A320 da PMDG 737 suna da nasu tsarin sarrafawa da aka rubuta musu daban, in simuleta ta sa nata hannun a kai sai a samu direba biyu a mota ɗaya. A wurin nan kuma akwai saitin Turbulence, in jirgi ƙarami ne kuma a yanayi na kai tsaye kawai yake wahalar da kai, ka sauke shi zuwa Low ka gani. Bayan kowane babban ofdet ka sake leƙa shafukan nan, don wani lokaci saiti kan koma yadda ya zo.

Mataki na 4: nauyi, mai, da inda cibiyar nauyi ta faɗa

Wannan shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali a jirgin gaske babu matuƙin da zai tashi bai duba shi ba. Kowane jirgi yana da iyakar gaba da ta baya da cibiyar nauyinsa za ta zauna a ciki. In ta matsa baya da yawa wutsiya ta rasa ƙarfin dawo da hanci, jirgi ya zama mai zafin kai, ɗan ja kaɗan ya miƙe tsaye, wani ma tun a kan titi zai ɗaga hanci da kansa. In ta yi gaba da yawa kuma za ka ja har ƙarshe ya ƙi ɗagowa, wajen sauka ya dinga neman dungura da tayar gaba. Ka buɗe shafin Weight and Balance a MSFS, ko Weight, Balance & Fuel a X-Plane, ka ga ɗigon yana cikin zanen iyaka. Ka duba tankin hagu da na dama, in ɗaya ya fi ɗaya mai sosai dole jirgi ya rinjaya can, kuma a ƙananan jirage masu zaɓar tanki guda irin Piper, in ka manta ba ka juya ba awa guda kawai ya isa ka fara jin fiffike ɗaya ya yi nauyi. Ko matuƙi ɗaya a kujerar hagu ba kowa a dama yana sa ƙaramin jirgi ya ɗan kwanta hagu, ka sa nauyi daidai a kujerar dama ka gwada, in karkatar ta ɓace to lafiyarsa ƙalau.

Manyan jiragen da ake saya da kuɗi da A32NX suna da ɗan tablet a cikin kokfit da ake loda fasinja da mai ta cikinsa. Ka yi amfani da shi kaɗai, kar ka loda ta can kuma ka zo ka taɓa shafin simuleta, lissafin biyu sai su saɓa. Kuma kafin tashi ka sa tirim ɗin tashi da kwamfutar jirgin ta ba ka bisa cibiyar nauyin ranar, 737 ko A320 da aka tashe shi da tirim ba daidai ba zai yi maka abin da za ka rantse jirgin ne ya lalace.

Mataki na 5: FPS da saurin lokaci

Lissafin tashi yana tafiya ne tare da hotunan da kwamfuta ke zanawa a sakan. In suka yi ƙasa sosai otofailot yana samun labari a makare, ya gyara a makare, sai lilo. FlyByWire sun faɗa a takardunsu cewa otofailot ɗinsu na buƙatar aƙalla FPS 17 tsayayye, kuma in ka ninka saurin lokaci buƙatar ma ninkuwa take. Ita X-Plane in ta sauka ƙasa da 20 sai ta rage gudun lokacin kanta don lissafi ya riske ta. Tana kuma da saiti a General mai suna Flight Models per Frame, yana zuwa a 2, in ƙaramin jirgi mara nauyi ko mai gudu sosai ko helikwafta yana karkarwa ka ɗaga shi zuwa 4 ko 5, sau da yawa nan take yake lafawa. A MSFS ka kunna Developer Mode ka nuna FPS ka kalle shi daidai lokacin da rawar ke farawa, in a saman babban birni ko dab da sauka ne kawai, ka rage Terrain Level of Detail da cunkoson jirage. Masu laftof kuma ku lura, da an ɗauke wuta ta koma kan batir katin hoto yake rage ƙarfi, jirgin da ke tafiya lafiya sai ya fara tangaɗi a tsakiyar hanya, ba komai ba ne FPS ne ya faɗi. Zafi ma haka yake yi mata in fanka ta toshe da ƙura.

Mataki na 6: wani abin da ka saka ne ke taka shi

In duk wannan bai fito da ita ba, ka rufe MSFS ka sake wa foldar Community, inda ake zuba jirage da sauran abin da ka sauke, suna, ka buɗe sabuwa fanko, ka sa jirgin nan shi kaɗai. In ba ka san inda take ba, layin ƙarshe na fayil ɗin UserCfg.opt yana nuna hanyar. In jirgi ya gyaru to wani ne a cikin sauran ke shiga masa hanci, kuma waɗanda aka fi kamawa su ne fentin jirgi da aka yi wa tsohon sigarsa, da gyare-gyaren tashi da wani ya yi wa jirgi iri ɗaya, da tsohon kwafin jirgin da ka manta ba ka goge ba. Kar ka mayar da su ɗaya-ɗaya, ka raba biyu, ka sa rabi ka gwada, ɓangaren da matsala ta bi ka sake raba shi biyu, ko abu 64 gare ka gwaji shida ya isa ka kama shi. MSFS Addons Linker kyauta ne kuma yana sauƙaƙa wannan aikin. A X-Plane ka fitar da abin da ka ƙara a Resources/plugins, musamman masu taɓa iska da kamara da sarrafawa, ka karanta Log.txt, in ta kama ka matsar da foldar Output/preferences gefe ta ƙirƙiri sabuwa. Ka kuma duba ko jirgin na sigar simuletarka ne, jirgin X-Plane 11 zai iya buɗewa a 12 amma lissafin tashin ya canza, haka na MSFS 2020 a cikin 2024, haka wanda aka kwaso daga FSX aka yi masa kwaskwarima.

Kafin ka ce ciwo ne, ka tabbata ba halinsa ba ne

Jirgi mai farfela ɗaya yana jan hagu wajen tashi, juyin injin da iskar farfela da ke nannaɗe jiki ta bugi wutsiya ne ke sa haka, maganinsa ka taka rada ta dama, ba gyaran fayil ba. In ka saba da Auto-Rudder ranar da ka kashe shi za ka ji kamar an canza maka jirgi. Mai ƙaramar taya a wutsiya irin Piper Cub yana son juyawa a ƙasa don cibiyar nauyinsa tana bayan manyan tayoyi. Jet mai fiffike a kwance baya in ba ka kunna Yaw Damper, na'urar da ke hana wutsiya kaɗawa, ba to yana iya kama kaɗa wutsiya haɗe da jirkicewa a sama can. Ƙanƙara in ta toshe bututun auna gudu don ba ka kunna Pitot Heat mai ɗumama shi ba, otofailot zai bi lambar ƙarya. Sannan zafi da tudu suna rage kaurin iska, ka gwada tashi daga Jos da ke sama da ƙafa 4,000 da tsakar rana a watan Maris da cikakken lodi, jirgi zai ci titi ya hau da kyar kuma sanda ta yi laushi, haka yake a zahiri ma.

Mataki na ƙarshe: fayil ɗin jirgin

Sai yanzu. Ka kwafi flight_model.cfg ka ajiye a wani wuri kafin komai, don kar garin gyaran gira a rasa ido. A ƙarƙashin FLIGHT_TUNING za ka ga elevator_effectiveness da aileron_effectiveness da rudder_effectiveness, sai pitch_stability da roll_stability da yaw_stability, asalin ma'auninsu 1 ne. In hanci ya cika zafi ka rage na elebeta da kamar kashi goma cikin ɗari na abin da ka tarar, ka sake loda jirgi, ka maimaita gwajin mataki na 1 daidai yadda ka yi shi. A WEIGHT_AND_BALANCE akwai empty_weight_CG_position, lambobi uku ne a ma'aunin ƙafa, gaba-baya da gefe da sama-ƙasa, in ta tsakiyar ba sifili ba ce a jirgin da ke rinjaya gefe to ka ga abin dubawa. A X-Plane da Plane Maker ake buɗe fayil ɗin acf. Amma wannan na ƙananan jirage ne da na kyauta, manyan da ke da nasu tsarin sarrafawa kar ka taɓa, otofailot ɗinsu an daidaita shi ne a kan waɗannan lambobin, waɗanda aka saya a Marketplace kuma da yawansu a kulle suke, kuma duk ofdet ɗin da ya zo zai share gyaranka.

In ka iso nan da Community fanko, yanayi a Clear Skies, taimako a kashe, nauyi a cikin iyaka, FPS sama da 30, Cessna na tafiya lafiya shi kuma yana nan yana rawa, to yanzu kana da hujjar tura wa wanda ya haɗa shi. Ka rubuta masa sigar simuleta da sigar jirgi, sunan joyistik ɗinka, filin da ka tashi, nauyi da mai, gudu da tsayin da abin ke farawa, ko otofailot na kunne ko a kashe, ka haɗa da ɗan bidiyo na sakan talatin da ke nuna hannunka ba ya kan sanda, in X-Plane ce ka liƙa Log.txt na wannan tashin kafin ka sake buɗe ta, don kowace buɗewa sabo take rubutawa a kan tsohon.